Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido: Nasiha ga Masu Adon Farce a Gida

Na lura da yadda ku 'yan matan yanzu kuka ɗauki gyaran farce da muhimmanci, har da yawanku kun daina jiran sai an je shago. Yarinya za ta sayo kwalabe biyu ko uku na jan farce, ta jingina waya a jikin filo, ta bi hoton bidiyo daki-daki har ta fitar da zanen da kowa ya gani sai ya yaba. Wannan abu yana faranta mini rai. Ado gadon mace ne. Kakanninmu sun yi nasu da lalle da zunguru, mu ma mun yi namu, kuma wadda ta iya gyara kanta da hannunta ta rage kashe kuɗi, ta kuma kama hanyar sana'a. Sai dai a gidajen biki da na suna ina yawan cin karo da yatsun da suka kumbura, da faratan da suka yi laushi suna ɓarewa, da tabon da baƙin lalle ya bari a bayan hannu. Kusan dukkansu abubuwa ne da ɗan sani da haƙuri za su kare. Shi ya sa na ga ya dace mu yi magana irin ta uwa da 'ya.

Ki fara da sanin abin da kike yi wa adon. Farcen hannu yana tsirowa ne kimanin milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa wajen rabin haka. Idan farcen hannu ya lalace tun daga tushe, yakan ɗauki wata 4 zuwa 6 kafin sabo ya maye gurbinsa, na babban yatsan ƙafa kuma yakan kai shekara guda, wani lokaci har da rabi. Ɓangaren da kike gani kike shafa wa launi ba ya warkewa irin yadda fata ke warkewa. In kin kankare shi ya yi siriri, haka zai zauna har sai ya tsiro ya fita. Wurin da yake da rai, inda sabo ke fitowa, yana ɓoye ƙarƙashin fatar gindin farcen, kuma rauni a wurin yana iya sa farce ya riƙa fitowa a karkace ko da tsaga har tsawon rayuwa. Jan farce kuwa, komai kyansa, mako guda ne ya fara ɓamɓarewa. Don haka kafin ki ɗora wani abu a yatsanki, ki auna ko adon mako guda ya cancanci ki biya shi da wata shida.

Abu na farko da nake roƙonki shi ne ki mallaki kayan aikinki, ke kaɗai. Abin yanke farce, da ɗan almakashi, da magagarin farce, da ɗan itacen tura fata, duka ba su kai kuɗin ɗinkin atamfa ɗaya ba. Na san a makarantar kwana da ɗakunan ɗalibai reza ɗaya kan zagaya mutum biyar, ana ganin ai duk ƙawaye ne. To amma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa. Babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ita, kuma da yawansu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama. Ƙawarki ba za ta cuce ki da gangan ba, ita ma ba ta san abin da ke jininta ba. Ki wanke kayanki da sabulu bayan kin gama, ki busar, ki goge da sifirit, ki adana a 'yar jaka. In ba a yi miki allurar rigakafin ciwon hanta ba, ki je a gwada ki a yi miki. Kai ma ɗana, da kake miƙa yatsu ga mai yankan farce a tasha ko a bakin kasuwa, wannan maganar ta shafe ka. Bawan Allah ne mai neman halalinsa, ba sai ka guje shi ba. Ka riƙe naka almakashin a aljihu, ka miƙa masa ya yi maka aiki da shi.

Sai maganar siririyar fatar nan da ke kwance a gindin farce. Da yawanku kuna ganin ta a matsayin datti, kuna bin ta da reza ko almakashi har sai jini ya tsattsafo. Allah ya sa ta ne ta toshe tsakanin fata da farce don kada ruwa da ƙwayoyin cuta su sami hanya. Da zarar an yanke ta, an buɗe ƙofa. Hannun da zai shiga ruwan wanke-wanke, ya wanke nama, ya yi wa ƙane tsarki, shi ne bayan kwana biyu gefen yatsa zai yi ja, ya ɗau zafi, ya fara zogi yana bugawa, ya tara mugunya. Wadda ta taɓa kwana zaune da ɗankakkarai ta san ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Abin da ya dace mai sauƙi ne. Bayan wanka, lokacin da fata ta yi laushi, ki shafa ɗan man zaitun ko man kaɗe, ki tura fatar baya a hankali da ɗan itace ko bakin tawul. In wata 'yar fata ta ɗago a gefe, ki datse ta da almakashi mai tsafta, kada ki ja ta da haƙori. In kuwa yatsa ya riga ya kumbura ya tara ruwa, asibiti za ki nufa, kada ki huda da allura ko ki ɗaure da abin da aka ce miki a bakin titi.

Wurin yanka ma akwai tsari. Ki yanke farce bayan wanka, a ɗan ƙanana-ƙananan cizo daga gefe zuwa gefe, domin matse shi gaba ɗaya a tsakiya yana tsaga shi. Sannan ki daidaita bakin da magagari, kina gogawa daga gefe zuwa tsakiya a hankali. Saman farce kuwa kada ki dame shi da guga don neman sheƙi, kowace guga tana rage masa kauri. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi, ba a bin kusurwa a ƙwaƙule, domin ƙwaƙular ce ke sa ya tsiro ya shige nama. Idan Mama ko Kaka mai ciwon suga ta ce ki gyara mata ƙafa, ki ninka kula. Ciwon suga yana kashe jin zafi a ƙafa, yana kuma hana rauni warkewa da wuri. Za ki iya yanka ta ba ta ji ba, ɗan yankan nan ya zama gyambo. Magagari ya fi reza aminci a irin wannan ƙafar, in farcen ya yi kauri ko ya shige nama kuma a kai ta wurin ma'aikacin lafiya.

To, mu zo kan shafa launin, wanda na san shi kike jira. Yawancin jan farcen da ke ɓamɓarewa washegari ba laifin kwalbar ba ne, gaggawa ce. Ki tabbata farcen ya bushe sarai, babu maiƙo a kansa, don launi ba ya kama wuri mai mai. Kada ki girgiza kwalba da ƙarfi, kumfa za ta shiga ta fito a kan farcen. Ki murza ta tsakanin tafukanki. Ki fara da shafin ƙasa marar launi, shi ke hana ja da baƙi rina farce ya koma rawaya. Sannan ki ɗebo launi kaɗan, ki share gefe ɗaya na buroshi a bakin kwalba, ki ɗora ɗigon kusa da gindin farce ba tare da ya taɓa fata ba, ki ja sau uku: tsakiya, dama, hagu. Shafin farko zai fito da ratsi-ratsi, kada hankalinki ya tashi. Ki jira minti biyu ko uku ki ƙara na biyu, shi ma siriri. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri bushewa da daɗewa. Daga ƙarshe ki rufe da shafin sama mai sheƙi, ki bi da buroshin ta bakin farcen, wurin da ɓamɓarewa ke farawa. In ke bahaguwa ce ki fara shafa wa hannun hagu, in ba haka ba ki fara da na dama, domin hannun da bai saba ba ya yi aikinsa tun kina da natsuwa. Ko da saman ya bushe, cikin yana ɗaukar sa'o'i kafin ya yi tauri. Ki gama girki da wanke-wanke tukuna, kuma kada ki shafa dab da kwanciya, in ba haka ba za ki tashi da zanen zanin gado a faratanki.

Zane ba ya buƙatar kaya masu tsada. Tsinken sakace da kan fil ɗin ɗaura mayafi sun isa ki fitar da ɗige-ɗige manya da ƙanana. Ki ɗiga launi a kan takarda mai santsi, ki tsoma kan fil, ki ɗora ɗigo biyar a zagaye, ki sa na shida na wani launi a tsakiya, fure ya samu. In kin ja kowane ɗigo da bakin tsinke zuwa tsakiya tun bai bushe ba, sai ganyen furen ya fito da tsini. Don ratsi ko kusurwa, salatif ne abokin aikinki. Ki bari shafin ƙasa ya bushe ƙwarai, ki manna salatif ɗin a bayan hannunki sau ɗaya don ƙarfinsa ya ragu, ki ɗora a farce, ki shafa launi na biyu, ki cire nan take tun yana ɗanye, layin zai fito tsaf. Da haka ake yin farin bakin nan da ake kira adon Faransa. In kina son launi biyu su narke cikin juna, ki shafa su gefe da gefe a kan ɗan soson hoda, ki riƙa dannawa a farcen a hankali. Ki zagaye fatar yatsa da ɗan basilin kafin ki fara, duk abin da ya fita waje zai goge cikin sauƙi. Ba dole kowane yatsa ya ɗauki zane ba. Sau da yawa fure ɗaya a yatsan zobe, sauran su zauna da launi guda, ya fi hannu cike da tarkace kyan gani. Ki kuma riƙa gwaji a ranakun da ba ki da inda za ki, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Cirewa ita ce inda aka fi yi wa farce lahani. Idan launi ya fara ɗagowa, hannu yakan yi ƙaiƙayin ɓamɓare shi, wasu har da haƙori. Duk ɓamɓara tana tafiya da siririn saman farcen, shi ne fari-farin da kike gani daga baya. Ki jiƙa auduga da ruwan goge jan farce, ki danna a kai na ɗan lokaci, ki ja zuwa baki. Yawancin ruwan nan asiton ne, kuma asiton yana kama wuta nan take, tururinsa ma yana kamawa. A gidajenmu da ake kunna kyandir da risho da turaren wuta in an ɗauke lantarki, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Ki yi aikinki da rana, a wuri mai iska, nesa da kasko da murhu, ki rufe kwalba da zarar kin ɗiba. Asiton yana busar da farce da fata, don haka ki wanke hannu ki bi da mai, musamman lokacin hunturu da farata ke tsagewa. Bayan kin cire, ki bar farcen ya huta kwana biyu ko uku yana shan mai kafin ki sake shafawa.

Ke 'yata Musulma, akwai abin da ya fi duk wannan nauyi. Jan farce da farcen roba shamaki ne, suna hana ruwa isa ga farce, kuma malamai sun bayyana cewa alwala da wankan tsarki ba sa inganta sai ruwa ya game wurin da aka wajabta wankewa. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, har cuɗawa da tsettsefe yatsun hannu ana nema. Shi ya sa 'yan mata da yawa suke shafa jan farce a kwanakin al'ada. Wadda ta zaɓi haka, ta tanadi abin gogewa tun kafin ranar wanka, ta duba gefe-gefe kada wani ɓurɓushi ya maƙale. Akwai jan farcen da ake tallatawa da cewa ruwa yana ratsa shi. Ibadarki ta fi ƙarfin a jingina ta da maganar mai talla, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Ki tuna kuma yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, kuma hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya iyakance barinsa da kada ya wuce dare 40.

A nan ne lalle ya yi wa duk kayan kanti fintinkau. Rini ne da ke shiga jikin farce da fata, ba ya yin ɓawo a sama, saboda haka ba ya hana ruwa. Ki sami ganyen lalle mai kyau wanda garinsa ke da kore, ki tankaɗe shi da siririn ƙyalle har sau biyu, ki kwaɓa da ruwan lemon tsami da ɗan sukari, ki rufe ki bar shi ya tsumu na wasu sa'o'i. Dabarar salatif ɗin nan da masu ƙunshi ke yi a tafin ƙafa tana aiki a farce ma. Ki yanka shi siri-siri, ki manna ratsi ko kusurwa, ki ɗora lalle a kai, ki naɗe da leda. In ya yi sa'o'i huɗu zuwa shida, ko ya kwana, ki kankare, ki shafa mai, ki ɗan jinkirta taɓa ruwa. Da farko zai fito ruwan goro, cikin kwana biyu sai ya nuna ya yi jajawur. A fata yakan yi mako ɗaya zuwa uku, amma a farce ba ya fita sai farcen ya tsiro an yanke. Don haka ki zaɓi zanen da za ki iya zama da shi watanni.

Sai dai ki bambanta lalle da abin da ake kira baƙin lalle. Ganyen lalle bai taɓa yin baƙi ƙirin ba, kuma ba ya kamawa cikin minti ashirin. Abin da ke yin haka dayis ne na rina gashi, mai ɗauke da sinadarin da ake kira PPD, wanda ake kwaɓawa da haidurojin. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a ɗora shi kai tsaye a fata ba. Abin da ya sa yake yaudara shi ne wata za ta yi sau biyar lafiya lau, a na shida jiki ya yi bori. Borin kuma yakan jira mako ɗaya ko biyu kafin ya bayyana, shi ya sa gwaji a ɗan wuri ba ya ba da tabbaci. Zanen zai yi ja, ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya fitar da ƙuraje masu ruwa daidai bin layin furen, in ya warke ya bar tabo fari ko baƙi, a wasu ma tabo mai tudu. Na ga amaryar da ta yi makonta na farko a ɗakin miji hannu a naɗe, ba ta iya ko riƙe cokali. Jikin da ya taɓa yin wannan borin ba ya mantawa, ko rinin gashi ta shafa bayan shekaru yana iya kumbura mata fuska. A Sudan, inda aka daɗe ana haɗa wannan sinadari da lalle, likitocin Khartum sun sha karɓar waɗanda suka haɗiye shi, har da ƙananan yara, da kumburin maƙogwaro da lalacewar ƙoda. Ki tambayi mai ƙunshi abin da ta kwaɓa, babu rashin kunya a cikin tambaya.

Ko jan lalle na gaskiya, ki nisanta shi da jarirai. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gado, likitoci suna kiransa G6PD, yana da yawa a Afirka ta Yamma, musamman ga 'ya'ya maza. Jaririn da ke da shi, lalle yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini, ya yi shawara mai tsanani. Iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da shi ba sai abu ya faru. Ranar suna ki yi wa mai jego ƙunshi, ki bar jaririn da kyan da Allah ya ba shi.

Farcen roba na mannawa shi ma yana da nasa ka'idoji. Ki zaɓi wanda ya yi daidai da faɗin farcenki, ki yi amfani da gam ɗin da aka yi domin farce, ɗigo kaɗan. Wannan gam in ya zuba a kan auduga ko tufafin auduga yana yin zafi nan take har ya ƙona fatar da ke ƙasa, don haka kada ki yi aikin a kan cinyarki, kada kuma ki goge shi da auduga. 'Yar kwalbarsa tana kama da ta maganin ɗigawa a ido, kuma an sha samun waɗanda suka ɗiga shi a ido bisa kuskure. Ki raba musu wurin ajiya, ki ɗaga shi sama inda hannun yara ba ya kai. In yatsu sun manne, ruwan ɗumi da sabulu da mai za su raba su a hankali. In farcen roba ya ɗago ta gefe, ki cire shi gaba ɗaya, kada ki ƙara gam a kai, domin ruwa yana maƙalewa a ƙasa, ƙwayar cuta ta hayayyafa, ki cire ki tarar farcenki ya koma kore. Wurin cirewa ki jiƙa shi har ya saki da kansa. Ɓalle shi da ƙarfi yana iya ɗaga farcen ainihi daga nama.

Na ga kuma an fara sayo jel da 'yar fitilar busar da shi ana yi a gida. Jel yana da kyau yana daɗewa, amma yana ɗauke da sinadaran da in suka riƙa taɓa fata, ko fitilar ba ta gasa su sosai ba, jiki kan yi musu bori. Yatsu su yi ja su tsattsage, farce ya saki nama, wani lokaci har fatar ido ta kumbura saboda hannu ya taɓa ta. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan wannan a 2018, ta sake yi a 2023, tana nuna damuwa musamman kan kayan da ake saya a yi a gida. Tarayyar Turai ma tun 2021 ta taƙaita kayan farce masu sinadarin HEMA ga ƙwararru kaɗai. Abin tsoron shi ne dangin waɗannan sinadarai ake amfani da su wajen cike haƙori da wasu ayyukan ƙashi, wadda jikinta ya ƙi su tana iya shan wahala ranar da ta buƙaci irin wannan magani. In ba ki koyi aikin a hannun wadda ta sani ba, jan farce na yau da kullum ya wadatar.

Tsawon farce kuma ki daidaita shi da aikinki. Ƙarƙashin dogon farce maɓoyar datti ce da sabulu ba ya kaiwa da sauƙi, ga shi mu da hannu muke cin tuwo, da hannu muke dama fura, da hannu muke ba yara abinci. A wani asibiti a birnin Oklahoma na Amurka, tsakanin 1997 da 1998, jarirai 16 sun rasu a ɗakin kula da jarirai bayan kamuwa da wata ƙwayar cuta, bincike kuma ya danganta yaɗuwarta da dogayen faratan ma'aikatan jinya biyu, ɗaya nata na halitta, ɗaya na roba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar masu kula da marasa lafiya su guji farcen roba, su bar bakin nasu kada ya wuce rabin santimita. In kina karatun jinya ko ungozoma, ko kina sayar da abinci, ko kina goyo, gajeren farce mai tsafta shi ne adonki, kuma lalle yana yi masa kyau matuƙa.

Duk lokacin da kika goge launi, ki tsaya ki dubi faratanki a haske kafin ki sake rufe su, domin suna ba da labarin lafiyar jiki. In sun yi fari fat, ko sun lotsa a tsakiya, ana iya samun ƙarancin jini. Baƙin layi a tsaye abu ne da aka saba gani ga baƙar fata, akasari ba komai ba ne. Amma in sabo ne a yatsa ɗaya, yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malalo kan fata, a nuna wa likita. Ciwon dajin da ya yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, yana da shekara 36, a ƙarƙashin farcen ƙafarsa aka fara ganinsa. In za a yi miki aiki a asibiti ko haihuwa ta gabato, ki bar faratanki ba launi, don ma'aikata suna duba su, suna kuma maƙala na'urar auna iska a yatsa.

Wurin saye ki tuna araha ba ta ado. Kwalbar da ba ta da suna, ba ta da jerin abin da ke ciki, ba ta da lambar NAFDAC, ki bar wa mai ita. Kwalabe uku masu kyau, shafin ƙasa da launi da shafin sama, sun fi goma na banza. Ki adana su a inuwa, zafin bazara yana sa su yi kauri. In hannunki ya faɗa, ƙawaye za su fara zuwa, daga nan kuɗi ya fara shigowa. Ranar da kika fara taɓa hannun wata, amana ta hau kanki. Ki tsaftace kaya tsakanin mutum da mutum, ki faɗi gaskiyar abin da kika kwaɓa, ki iya cewa a'a ga mai son baƙin dayis ko mai ciwo a yatsa, ko da kuɗin ranar zai wuce ki. Mai sana'ar da aka san hannunta ba ya cutarwa ba ta rasa masu zuwa.

'Yata, ki yi adonki, ki ji daɗin ƙuruciyarki, babu mai hana ki. Ki dai riƙe kayanki, ki san abin da kike ɗorawa a jikinki, ki bi aikin a sannu, ki kiyaye alwalarki. Abin da kika koya a nan ki gaya wa ƙannenki da ƙawayenki, kada ki bari sai wata ta ji ciwo. Allah ya albarkaci hannuwanki, ya sa su zama masu amfani gare ki da al'umma.